Fentimanto a Bangon Abokina

Shekarun baya, tun Turawa na nan, tun ciyawa ce ke raba unguwannin Kaduna, na yi aikin fenti. In faɗi gaskiya, bokitin fenti na ɗauka. Amma a unguwa Mai Fenti ake ce mini, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba.

Ban yi makaranta ba. Na yi haƙar kuza a Jos, rami ya rufta da mu, aka zaro ni da rai. Na yi dako a tasha. Agana ta kama ni ta sake ni, ta bar mini zanzana a fuska. Da na iso Kaduna sai na samu lebura wajen wani Baturen Italiya mai fentin gidajen gwamnati. Ni ke dama farar ƙasa, ni ke riƙe tsani, ni ke wanke buroshi. Kalma guda na samu a wajensa wadda har yau take bakina, kuma abokina ne sanadi.

Abokin nan nawa a Kurmin Mashi yake zaune. A da gidan giya yake da shi, sojoji ke cika shi. Lokacin da kasuwa ke yi da shi, kansa ya kumbura, ya ɗauko wani mai zana alamar shaguna ya ce ya zana shi a bangon tsakar gida, inda mashaya ke zama. Mutumin ya iya aikinsa. Da fentin mai ya zana shi, ya fi tsayin mutum: hula a karkace, kwalba a ɗage sama, baki buɗe yana dariya, ga wushiryarsa nan kamar ƙofar gari. Duk wanda ya gani ya san ko wane ne.

Sai ciwon ciki ya kwantar da shi, har aka fuskantar da shi alƙibla. Allah bai yi ba, ya tashi. Ya fasa tulunan burkutu, ya kori kwalabe, ya koma gyaran keke a ƙofar gida. Tuban gaske ya yi, ni shaida ne. Ladan bai gama kiran salla ba yana sahun gaba.

Ana nan ya ga wata bazawara mai sayar da waina a Unguwar Kanawa. Mijinta ya rasu. Mace ce cikakkiya, ba ta da yawan dariya, in kuwa ta yi to da wani take. Abokina ya mutu a kanta. Ta ce ta amince, amma maganar tana hannun baffanta, shi ne waliyyinta. Baffan akawu ne a sakatariya, mai farar riga da agogo da keken da ko ƙara ba ya yi. Ya aiko cewa a gidansu ba a ba da mace sai waliyyi ya je da ƙafarsa ya ga inda za a ajiye ta.

Abokina ya same ni ina wanke buroshi.

"Mai Fenti, zo ka rufe mini mutumin nan."

"Wane mutum?"

"Ni."

Lokacin rani ne. Na dama farar ƙasa, na zuba gishiri da ɗan bula yadda na ga ana yi, na shafe bangon. Na bari ya sha iska na ƙara. Bango ya yi fari tas, har ido ba ya iya kallonsa da rana. Abokina ya tsaya yana kallo, ya ce, "Allah ya jiƙan wancan." Na ce amin.

Da baffa ya zo a makon nan, da ba ni da labarin da zan ba ku. Sai aka tafi rangadi da shi. Kafin ya dawo damina ta sauka.

Washegarin ruwan farko abokina ya faɗo mini ɗaki ba sallama, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ya dawo!"

"Wa?"

"Ni!"

Muka tafi. Kafin mu isa rana ta fito, bango ya bushe, fari kamar yadda na bar shi. Na ce masa, "Zuciyarka ce ke maka gizo. Je ka karya kumallo." Ya ɗauki buta ya watsa wa bangon ruwa. Muka tsaya. A hankali inda ya jiƙe ya fara duhu, sai ga wuyan kwalba, sai ga yatsu riƙe da ita.

Ashe haka farar ƙasa take. In ta bushe ta rufe, in ta jiƙe a ga abin da ke ƙarƙashinta kamar ta cikin tsohon mayafi. Shekarata nawa ina dama ta ban sani ba, don ban taɓa shafa ta a kan fuskar mutum ba.

Na ce a ƙara kauri. Muka ƙara, ta yi ɓawo ta zube. Na ce a ƙara bula. Muka ƙara, aka yi ruwa, abokina ya fito shuɗi. Daga nan dabarata ta ƙare. Na je na roƙi maigidana Bature ya zo ya duba.

Ya zo ran Lahadi a kan babur ɗinsa. Tsoho ne gajere mai tumbi, Hausarsa a karye amma yana sonta. Ya sa aka ɗebo ruwa a rijiya, ya watsa da kansa, ya ja da baya. Da fuskar ta gama fitowa ya dubi bango, ya dubi abokina, ya sake duban bango. Sai ya cire malafa ya zauna a kan turmi yana dariya har da hawaye.

"Fentimanto!" in ji shi. "Kai, fentimanto mai kyau!"

Shi da bakinsu na Turawa ya faɗa, ni haka ta zauna a nawa. Na ce, "Masta, mene ne shi?"

Ya yi bayani da baki da hannu. Ya ce a ƙasarsu akwai masu zane na tun da, waɗanda ke zana mutane da dawakai a bango da kan allo. Mai zane zai zana hannu a nan, ya ga bai yi masa ba, ya shafe da wani fenti ya mayar da hannun can. A yi shekaru, fentin sama ya tsufa ya yi shara-shara, hannun farko ya leƙo. Sai ka ga doki da ƙafar da ta yi yawa, ko mutum da inuwar wata hula a bayan hularsa. Wannan abin da ya leƙo shi ne fentimanto. Ya ce asalin kalmar a yarensu nadama ce: mai zane ya yi abu, ya yi nadama, ya rufe, abin ya ƙi zama a rufe.

"A ƙasarmu," in ji shi, "mutane na tafiya mai nisa su gani."

Abokina ya ce, "Gaya masa ni ba na son kowa ya zo."

Na tambayi magani. Ya ƙwanƙwasa bangon ya girgiza kai. Ginin ƙasa ne, siminti ɗan kaɗan aka shafa a kai. Sai an kankare har ƙasa, a bari ya bushe, a yi sabon shafe. In aka kankare da damina bango zai sha ruwa ya kwanta, kuma shi ne bayan ɗakin da za a sa amarya. In aka shafa fentin mai a kan jiƙaƙƙiyar farar ƙasa zai saluɓe. "Sai rani," in ji shi. Ya hau babur ya tafi yana dariya.

Na je neman magani, na dawo da suna.

A makon ne baffa ya aiko cewa yana nan tafe ran Lahadi bayan la'asar. Abokina ya daina cin abinci. Muka sayo zana muka ɗaure a jikin bangon, muka rufe shi ruf. Sannan abokina ya zo da tasa dabarar.

"Mutanen ofis suna tsoron babbar kalma. In abin ya ɓaci, kai dai ka faɗa masa ita da ƙarfi, kamar wata cuta ce ta siminti. Ba zai so a ga bai sani ba. Zai gyaɗa kai ya wuce."

Na ce to. Na kwana biyu ina maimaita ta a ƙasan tsani har Bature ya ce in yi masa shiru.

Ranar ta zo gari garau, ko gajimare babu. Baffa ya iso a kan kekensa, ya jingine shi a zaure, ya share sirdin da hankici. Ya duba ɗaki. Ya leƙa rijiya. Ya shiga madafa, ya leƙa makewayi, ya ɗaga kai ya dubi jinka. Bai ce da kyau ba, bai ce babu kyau ba. Muka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa yadda zai ba bangon baya. Ya zauna, ya ce shi ba ya ba tsakar gida baya, ya juya.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Ya dubi abokina.

"Kafin gyaran keke, wace sana'a ka yi?"

"Ɗan kasuwanci, Baffa. Sama-sama."

"Na me?"

"Abin da ya samu, Baffa."

"Uhm," in ji baffa. Ya dubi agogo.

A lokacin na ji iska ta canja. Wanda ya yi aikin waje ya san ƙanshin nan. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Abokina ma ya gani. Ya ce, "Baffa, kada hadari ya tare ka a hanya."

"Ya riga ya tare ni. Ba na fita da kekena cikin ruwa. Zan jira."

Iska ta taso. Zanar ta kumbura, ta yi ƙara, igiya ta tsinke, ta tashi sama kamar shirwa ta faɗa gidan maƙwabta. Muka ji kaji sun watse. Bango ya tsaya tsirara, amma fari. Abokina ya sauke numfashi. Baffa ya ce, "Bango mai kyau haka, me ya sa kuka rufe shi?"

Kafin a ba shi amsa ruwa ya sauko.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga cikin ruwan na tsaya a gaban bangon, na buɗe hannuwa, na baza riga kamar mai shanya.

"Malam, shigo daga ruwa," in ji baffa.

"Ina son ruwa, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

Ni gajere ne. Ban lissafa da wannan ba. Kwalbar tana sama da kaina, kuma ita ta fara fitowa. Daga inda baffa yake zaune, ni ne a tsaye cikin ruwa da kwalbar giya a ka kamar mai talla. Na ga idonsa ya hau sama, na matsa dama. Sai hular ta fito ta hagu. Na matsa hagu. Sai ga fuskar gaba ɗaya a gefen kunnena, tana dariya, wushirya a waje.

Baffa ya ciro tabarau ya sa. Ya dubi bango. Ya dubi abokina, wanda ya damƙe bakinsa kamar an ɗinke.

"Mene ne wannan?"

Abokina ya yi mini ido. Na cika ƙirji na ce da ƙarfi, "Fentimanto ne, ranka ya daɗe!"

"Me?"

"Fentimanto."

"Na tsufa a ofis tare da Turawa ban taɓa jin ta ba. Me take nufi?"

Ba mu shirya wa wannan ba. Mun ɗauka zai ji kunyar tambaya. Abokina ya yi wuf ya ce, "Wata cuta ce ta siminti, Baffa, tana kama bango da damina."

"Cutar siminti mai wushirya? Ba kai na tambaya ba. Mai Fenti, kai nake saurare."

Ni ban iya ado a magana ba. Abin da aka zuba mini shi nake zubarwa. Ruwa na shiga mini baki na ce, "Bature ya ce mutum ne zai yi abu, ya yi nadama, ya rufe, abin ya ƙi zama a rufe."

Ruwa kawai ke dukan rumfa.

Baffa ya cire tabarau ya ninke. Bai ɗaga murya ba.

"Tun ranar da ka fara zuwa wajen 'yata na sa aka bincika. Wanzami ya faɗa mini. Mai nama ya faɗa mini. Limaminku ya faɗa mini, ya kuma ce ka tuba, shi zai tsaya maka. Kaf Kurmin Mashi mutum ɗaya ne bai faɗa mini ba, shi na zo in ji. Na tambaye ka ɗazu, ka ce sama-sama." Ya nuna bango da haɓa. "Wancan ya fi ka gaskiya."

Ya tashi ya ɗauki kekensa ya fita. Cikin ruwan. A nan na san abin ya ɓaci ƙwarai.

Abokina ya zauna daɓas a tsakar gida, ruwa na dukansa, shi yana hawaye, na bango yana dariya.

"Ka kashe ni, Mai Fenti."

"Tambayata ya yi."

Da safe na same shi da diga zai rushe bangon. Na riƙe digar. Na fi shi ƙarfi, wannan kaɗai na fi shi. Na ce, "In ka rushe, ɗakin ya tafi. Kuma ba bango ne ya yi ƙarya ba. Sa rigarka."

Na raka shi Unguwar Kanawa. Baffa na ƙofar gida da mutane, zai tafi ofis. Abokina ya durƙusa a gabansu ya fara. Ya faɗi giyar, ya faɗi burkutun, ya faɗi cacar da ake yi a zaure, ya faɗi ranar da aka yi dambe aka karya masa ƙofa. Bakin da ya ƙi buɗuwa jiya yau ya ƙi rufuwa. Har sai da baffa ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Ban tambaye ka tarihin bariki ba, kuma zan makara." Ya hau keke. "Ni na ji. Saura mai zaman gidan. In ta ce a'a, a'a ne."

Bazawarar ta zo da kanta, ita da gwaggonta, da hantsi, rana na dukan bango fari tas. Ba ta zauna ba.

"Ina yake?"

Abokina ya sunkuyar da kai. Ta tafi rijiya, ta zura guga, ta jawo, ta watsa. Ta ƙara. Ta tsaya riƙe da ƙugu har ya gama fitowa. Gwaggo ta saki salati ta ja mayafi ta rufe ido, ta bar ɗaya a waje.

"Ai na san wannan," in ji bazawarar. "Shi ke zuwa sayen waina da sassafe yana jingina da rumfata don kada ya faɗi. Ka ɗauka na manta ne?" Ta juyo gare ni. "Mai Fenti, me ka ce sunan abin?"

"Fentimanto."

Ta maimaita, ta faɗe ta daidai tun karon farko, abin da ya ɗauke ni kwanaki.

Na ce, "Rani na zuwa zan kankare shi har ƙasa."

"Kada wanda ya taɓa shi."

Abokina ya ɗago. "Haba, ki dubi Allah."

"Sharaɗina ke nan. Duk shekara a shafa masa farar ƙasa, kada ta yi kauri."

Gwaggo ta ce, "Ke, gida da hoton mutum? Da kwalba?"

"In ya bushe ai babu hoto, Gwaggo."

Aka ɗaura aure kafin kaka.

Sai daga baya na gane abin da amaryar ta hango. Mai sabon tuba yana da wata cuta: yakan manta ta inda ya biyo. Ba a daɗe ba abokina ya fara wa'azi a bakin aikinsa. In wani tsohon abokin shansa ya kawo keke, sai ya ce ba ya taɓa keken mashayi. In ya shigo gida yana zagin mutanen zamani da lalacewarsu, sai matarsa ta tashi ta nufi rijiya, ta jawo guga, ta watsa wa bango, ta koma kan tandarta. Ya tsaya su kalli juna shi da mai kwalba. Sai ya fita ya kira mai keken ya gyara masa. Da tafiya ta yi tafiya ba ta ma watsawa. Ta taɓa igiyar guga kawai, ya yi shiru.

Kalmar kuwa ta fita daga gidan ta shiga unguwa. Tsoho ya rina gemu, furfura ta leƙo daga ƙasa, a ce fentimanto. Motar haya ta canja mai ita, tsohon rubutu ya fito ta ƙarƙashin sabon fenti, fentimanto. Wani ya bar jam'iyyarsa ya koma wata, ranar taro waƙar tsohuwar ta suɓuce masa, har yara suka bi shi da kalmar. Ni ma ban tsira ba. In raina ya ɓaci ashar ɗin ramin kuza ya fito, mai ɗakina takan ce, "To, an yi ruwa."

Ni ba mai dogon tunani ba ne. Abin da na ɗauka kaɗan ne. Na ga mutane da yawa suna shafe baya, na kuma taya wasu riƙe bokiti. Shafewa ba laifi ba ce, ba wanda aka ce ya zauna da ƙazanta a fili. Amma ka san ruwa zai zo, kuma gara a ji daga bakinka kafin ya zo. Bature ya ce nadama ce asalin kalmar. Na yarda. Wanda bai yi nadama ba ai ba ya sayen farar ƙasa.

Abokina ya riga mu. Ya tsufa, ya yi jikoki, ya tafi cikin mutunci, liman ya yi masa shaida. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ya ce wanda aka yi masa ya ishe shi har lahira.

Bayan matarsa ta fita takaba na je gaishe ta. Tsakiyar rani ne, ƙasa har tsagewa take. Na yi sallama na shiga. Tana zaune a kan turmi, guga a gefenta, bango a jiƙe sharkaf. Ga shi nan da hularsa a karkace, yana mata dariya.

Ta ce, "Ƙura ce ta yi masa yawa, Mai Fenti."

Na ce, "Haka ne."

Na zauna. Muka kalle shi tare har ya bushe.